Jar Mota da Tsawon Mutum

Jawabin Malam Maikasuwa Direba a babban taron Ƙungiyar Ci Gaban Garin Baushe, ƙasar Gwiwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da mutanen gidansa, da sahabbansa baki ɗaya.

Ranka ya daɗe Dagaci, uban gari, Allah ya ja zamaninka. Allah gafarta Malam Liman, Allah ya ƙara lafiya. Mai girma shugaban taro, Alhaji Muhammadu Lawal. Sakataren ƙungiya, Malam Rilwanu, wanda na ci tuwon sunansa da hannuna wannan, wanda kuma aka ce yau in kira shi mai girma, to ga shi na kira. Malama Rahamatu ta ɗakin shan magani, mai karɓar haihuwar garin nan. Barnabas bakanike, wanda ya baro garejinsa a Kazaure ya zo don ya ji ko zan yi masa ƙarya. Dattawan gari, iyaye mata da ke can gindin darbejiya, 'yan kwamiti da ke kan kujerun roba a inuwa, da sauran jama'a da aka bari a rana: assalamu alaikum wa rahamatullahi.

Ina godiya ga Allah da ya kawo ni yau da ƙafata. Ina godiya ga shugaban taro da ya ba ni minti biyar, ko da yake ba na ɗaura agogo. Ina kuma godiya ta musamman ga 'yan kwamiti da suka tuna ina raye. Wata bakwai ke nan da aka karɓe mukullin Doguwa daga hannuna. Ga baƙin da ba su sani ba, Doguwa ita ce doguwar motar garin nan, wadda na yi shekara goma sha tara ina ɗaukar marasa lafiya da masu naƙuda a cikinta zuwa asibitin Kazaure. Yanzu tana bayan ɗakin shan magani, an ɗora ta a kan duwatsu, kaji suna ƙwai a kujerar direba. Ba a zo gidana an ce, “Maikasuwa, ka tsufa, ka huta” ba. Takarda aka aiko mini, ni da kowa ya san ban taɓa zama a benci ba. Sai da na kai wa mai shayi ya karanta mini korata a gaban masu jiran shayi. Na gode. Ba ƙorafi nake ba, godiya nake.

To, abin da ya tara mu yau kowa ya sani. Za a ɗaga hannu: ko a sayi jar motar can da Malam Rilwanu ya kawo daga birni ta zama motar gari, ko a gyara Doguwa, ko a nemo wata irinta. Kwamiti ya ga cewa idan aka ce Maikasuwa ya gwada ta ya yaba, to bakin tsofaffi ya mutu. Aka ba ni ita kwana biyu, aka haɗa ni da Barnabas, aka kuma ba ni wata takarda mai gidaje ashirin, wai in dinga sa alama a gidan “da kyau” ko gidan “da kyau ƙwarai.” Na tambaya ina gidan “babu kyau”? Aka ce ba a buga shi ba. Takardar nan tana wajen Saude mai ƙosai, ta ce tana shan mai sosai. Ni kuwa na zo da bakina.

Abu na farko, kamanninta. Ja ce kamar jan barkono, gajeriya, bayanta a guntule kamar an sa adda an sare. An ce mini ƙofarta biyar, na zagaya na ƙirga huɗu, sai aka ce har da murfin but. To a haka tukunya ma tana da ƙofa. Da na zo shiga, sai da na durƙusa kamar zan gai da Dagaci, hulata ta riga ni zama. Kujerar tana da kunnuwa hagu da dama, ta kama mini ƙugu tamau, na ce wa Barnabas, “Wannan rungumar fa ban shirya mata ba.” Ya ce, “Baba, don kar kwana ta wurgar da kai ne.” Na ce, “Shekara hamsin ina shan kwana, wa ta taɓa wurgarwa?” Na nemi ramin mukulli, babu. Wai maɓalli ake dannawa, kamar rediyo. Na danna. Sai na ji gar-gar-gar, na waiga ina neman mai kawo niƙa. Ashe man gas take sha. Mota ba ta kai tsawon amalanke ba, amma abincin tirela take ci.

Abu na biyu, gudunta. A nan ina so 'yan kwamiti su buɗe kunne, don wannan kaɗai ne zai yi musu daɗi, kuma ba zan rage komai ba, domin ban zo in yi wa mota ƙazafi ba, ni da mota ta ciyar. Da injin ya ɗumama, ƙarar nan ta kwanta, ta koma kamar minshari a ɗaki na uku. Muka hau kwalta muka nufi Babura. Kulocinta da nauyi kaɗan, amma ba ya yaudara, inda ya kama jiya nan zai kama yau. Giyarta gajeriya ce, daga ɗaya zuwa biyu bai fi ka juya cokali a kofi ba, kuma guda shida ne, ni da na yi rayuwata da huɗu. Na sa ta biyu na taka totur. Da farko ta yi shiru, kamar ba da ita nake ba, har na buɗe baki zan yi dariya. Sai na ji wani ɗan fito daga gaba, sai kawai aka mangare ni a gadon baya. Jama'a, wallahi sai da na waiga in ga wanda ya ture mu. Barnabas ya ce wata na'ura ce ke hura wa injin iska. Na ce to wannan ba hura iska ba ne, zuga ce.

Muka tarar da babbar mota ta yi lodin buhuna tana tafiya kamar mai ciwon baya. A Doguwa sai na leƙa, na koma, na yi addu'a, na sake leƙawa, sannan in fita. A wannan kuwa ko giya ban sauya ba. Na ɗan danna ƙafa, na duba madubi, sai ga babbar mota ta koma kamar akwatin ashana. Barnabas ya riƙe ƙofa da hannu biyu yana kiran Yesu, ni ina salati, kowa yana kiran wanda ya sani. Ya ce, “Baba, ina da 'ya'ya huɗu!” Na ce, “Ni ina da jikoki ashirin da biyu, zauna daidai.”

Kashegari muka bi hanyar Roni, inda titi ke lanƙwasa a tsakanin duwatsu. Sitiyarinta ƙarami ne kamar faifai, mai kauri, kuma ba shi da wasa ko na ɗan yatsa. Doguwa kana juyawa, sai ta yi shawara, sannan ta bi. Wannan kafin ka gama niyya ta riga ta juya. Na shiga kwana da gudun da ya kamata in ji taya na kuka, in ji jiki ya kwanta gefe. Ko rinjaya ba ta yi ba, ta manne da kwalta kamar ƙaska a kunnen saniya. Na sake shiga ta gaba da fiye da haka, ta sake mannewa. Ban san lokacin da na fara dariya ba. Ni, Maikasuwa, da furfurata, ina ƙyaƙyata dariya a titi kamar an sake ni daga makaranta. Ina faɗa a gaban Liman, kada wani ya ce na ɓoye: na so motar nan. Da ina da shekara talatin, ba ni da iyali, ba ni da hankali, da ita zan saya.

Amma, jama'a, ba a aike ni in nemo wa kaina abin wasa ba. Kuma a iya sanina, kwalta ba ta zo Garin Baushe ba tukuna, sai dai a bakin masu neman ƙuri'a.

Abu na uku ke nan, burji. Ubangidana da ya koya mini tuƙi, Allah ya jiƙansa, ba ya sayen mota sai ya cika kwano da ruwa ya ba mutum ya riƙe a kujerar baya. In an iso da ruwa, mai ciki za ta iya hawa. In an iso da kwano, to ta kaya ce. Muka ɗauki Malama Rahamatu a Gwiwa, na cika mata kwanon sha har wuya, muka sauka daga kwalta muka kamo hanyar gida. Motar nan da ta yi mini biyayya a titi, tana taka gargada ta zama wata halitta. An ɗaure ƙafafunta tamau don kwana, saboda haka duk tsakuwar da ta taka sai ta kawo rahotonta ga ƙashin bayanka, ba ta mantawa da ko ɗaya. Haƙorana shida suka rage, kuma ranar nan sun gaisa da juna. Tayoyin sirara ne kamar an shafa wa ƙarfe roba da ɗan yatsa. Cikinta kuwa yana ƙasa-ƙasa, duk tudun da amalanke ta bari a tsakiyar hanya sai na ji ƙuuu, sai Barnabas ya dafe kai ya ce, “Wayyo, salansa!”

Ban wuce giya biyu ba, Allah ne shaidata. Muna isa bakin rafi na waiwaya na ce, “Malama, ina ruwa?” Ta ce, “Baba, ka tambayi hijabina.” Na ce, “Saura nawa?” Ta leƙa ta ce, “Kaza za ta sha, in ba ta jin ƙishirwa sosai.” Sannan ta ce, “Amma tana da amfani ɗaya. Duk wadda naƙuda ta yi wa gardama, a sa ta a nan, kafin a kai rafi an gama, an huta da zuwa Kazaure.” Ga ta nan zaune, in na ƙara gishiri ta tashi ta ƙaryata ni.

A rafin nan kuwa, da rani muke, yashi ne kawai, babu ɗigon ruwa. Ƙarfin nan da ya mangare ni a titi, shi ya haƙa mana rami. Na ɗan taɓa totur, tayoyin gaba suka yi ta tono kamar kare ya ji ƙamshin gafiya, har ta zauna a kan cikinta. Wa ya fitar da mu? Shanun huɗar Kawu manomi, su biyu, da igiya. An ce mini a cikin injin nan akwai ƙarfin doki ɗari da hamsin. Ban ga doki ko ɗaya ya fito ya taimaka ba. To wannan rani ke nan. Ku da kanku ku auna watan Agusta.

Abu na huɗu, man da take sha. Gaskiya ba ta da ci, ta yi yawon nan duka allurar ba ta faɗi sosai ba. Amma a gidan mai a Kazaure, ina tsayawa mai zuba mai ya ɗauko tiyon fetur, don idonsa bai taɓa ganin ƙaramar mota a layin gas ba. Barnabas ya yi tsalle ya riƙe masa hannu. Mutumin ya ce, “Kai, sake ni, aikina za ka koya mini?” Sai da aka tara jama'a. Barnabas ya ce da ya zuba, da injin ya gama yawo. Yanzu ku faɗa mini, daga nan zuwa Gwiwa, masu sayar da mai a galan a bakin hanya, wanne ne ke ajiye gas? A garin nan mutum ɗaya ke da shi, mai injin niƙa. Ke nan ranar da mace ta fara zubar da jini, sai a tsaya a roƙi mai niƙa ya tsiyayo mana daga tankinsa, in bai tafi cin kasuwa ba.

Kafin in zo na ƙarshe, akwai maganar da ba na son faɗa, amma in ban faɗa ba Barnabas zai faɗa. Bayan Roni, a wata gangara, raƙumi ya fito titi. Raƙumi, jama'a, ba ɓera ba. Ban gan shi ba. Na ga wani duhu-duhu, na ɗauka inuwar itace ce. Barnabas ya kurma ihu, na taka birki, motar nan ta tsaya cak a miƙe, ba ta karkace ba, ba ta ja taya ba, hancinta saura taku ɗaya ya shiga ƙarƙashin cikinsa. Da Doguwa ce, da yau ana sadakar uku. Saboda haka 'yan kwamiti, kun yi gaskiya, idona ya tafi. Kun yi gaskiya, amma ba ku yi ladabi ba, kuma ban yafe takardar nan ba tukuna. Na faɗi wannan ne don kada wani ya raɗa wa na kusa da shi cewa tsoho mukullinsa yake nema. Ba na neman mukulli. Ko kun ba ni ba zan karɓa ba. Ku nemo mai ido, in zauna a gefensa in nuna masa ramuka, na san su da suna.

Abu na ƙarshe. Da muka iso gari, na sa Barnabas ya kwantar da kujerun baya, na shimfiɗa tabarma, na cire takalmi, na shiga ta murfin but na kwanta. Malam Rilwanu yana tsaye, yana dariya, yana ɗaukata hoto da waya. Kaina ya tokari bayan kujerar direba, ƙafafuna kuwa tun daga ƙwauri suna waje suna shan iska. Na ce, “Barnabas, rufe.” Ya ce, “Baba, in na rufe sai dai a kai ka wajen mai ɗori.” Malam Rilwanu ya ce, “Haba Baba, ai mara lafiya sai ya ɗan lanƙwashe ƙafa.” Na ce, “Ɗana, mai tafiya zai lanƙwashe. Mai dawowa fa?”

Ban ga laifinsa ba, don ba wanda ya taɓa faɗa masa. Mu ne ba mu faɗa ba. Yaran nan sun taso sun ga Doguwa, sun ɗauka tsohuwar mota ce kawai da tsofaffi suka saya don ba su san zamani ba. To bari in faɗa yau.

Kafin a sayi Doguwa, yayana ya rasu a asibitin Kazaure da hantsi. Muka je tasha, duk direban da ya ji gawa ce sai ya ce motarsa ta yi lodi. Da rana ta take muka rasa yadda za mu yi, sai muka sa masa riga, muka ja masa hula har gira, muka zaunar da shi a kujerar baya ta wata ƙaramar mota, ni a dama, ƙanenmu a hagu, muka ce wa direba barci yake, ya sha magani. Haka muka taho, kansa a kafaɗata, ina riƙe da shi kada ya kife, ban isa in yi kuka ba don kada a sauke mu a daji. Ga tsaye-tsaye a hanya, ga faci. Kafin mu iso jiki ya sandare a zaune. Allah gafarta Malam, kana nan, kai ka yi masa wanka. Ka san ruwan ɗumi nawa aka dafa, ka san yadda aka yi kafin gwiwoyin nan su miƙe a sa shi a likkafani. Ba zan ƙara a kan haka ba, akwai 'ya'yansa a wurin nan.

A wannan shekarar garin nan ya tara gero da gyaɗa, aka ce a nemo mota. Dattawan da suka je saye ba su tambayi gudunta ba, ba su tambayi launinta ba. Mafi tsawo a cikinsu ya shiga baya ya kwanta, aka rufe ƙofa, ta rufu, suka ce ita ce. Mutumin nan da ya kwanta, Malam Abubakar Sadiq ne, mahaifin sakatarenmu. Shekara goma sha ɗaya bayan nan ni na ɗauko shi daga Kazaure a cikinta, kana makaranta a birni, ɗana, ba ka iso ba sai da aka kai shi. Na kawo shi a miƙe, a lulluɓe, a kan tabarma, mahaifiyarka tana zaune a wajen kansa, kuma ban bar giya biyu ba har ƙofar gidanku. Ba gori nake maka ba. Aikina ne. Ina faɗa maka ne abin da motar gari take yi in ta juyo.

Jama'a, motar gari tafiya biyu gare ta. Akwai ta zuwa, wadda kowa ke fata. Akwai ta dawowa, wadda ba a sa ta a takardar kwamiti ba. Jar motar nan ta iya gudu, ta iya kwana, ta iya birki, ta ceci raina da na raƙumi, na yaba mata, Allah ya ba ta mai ita a inda akwai kwalta. Amma ba ta iya ɗaukar mutum a kwance ba, kuma kowa a filin nan, mai kujera da mai tsayuwa, wata rana a kwance za a ɗauke shi.

Shekarata saba'in da huɗu. Ƙirjina yana yi mini wani abu da safe wanda Malama Rahamatu ta sani. Ba na jin akwai mutum biyar a nan da za su riga ni hawa motar da za ku zaɓa yau, kuma ba a kujerar gaba zan hau ba. Saboda haka da na kwanta a bayan jar motar can, ba wasa nake wa yara ba, awon kaina nake yi. Ban roƙi garin nan komai ba a shekara goma sha tara, ko da aka kore ni da takarda ban roƙa ba. Yau ina roƙo ɗaya: in an kai ni, a dawo da ni a miƙe.

Barnabas ya ce injin Doguwa zai tashi. In ba ku yarda da shi ba, ku nemo wata doguwar. Wanda kuma ya ga har yanzu ja yake so, ga ta can gindin tsamiya, murfin baya a buɗe, na bar tabarmar a shimfiɗe. Ya je ya kwanta, a rufe, in ta rufu ya dawo ya ɗaga hannu, ni ma zan ɗaga tare da shi. Ina ba da shawara a fara da shugaban taro, tunda ya fi ni tsawo.

Allah ya jiƙan waɗanda muka ɗauko, ya sa kabarinsu ya yalwata. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Allah ya ƙara wa Dagaci imani da tsawon rai, ya ba 'yan kwamiti basira, ya ba mu damina mai albarka, ko da za ta cika rafi. Allah ya sa mu cika da kyau da imani, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.